Kaifi da tsatsa: tarihin ƙarfen wuƙaƙen girki na ƙasar Japon

Kalmar da ta jawo wannan rubutu a cikin aji na tsince ta. Muna aikin fassara ne da ɗaliban ajin ƙarshe, a kan wata takardar talla ta masu sayar da wuƙaƙen Japon a Faransa, sai muka ci karo da «acier inoxydable». Wannan bai ba kowa wahala ba, domin duk wanda ya taɓa sayen cokali ko kwano a kasuwar Maraɗi ya san inoks. Muka rubuta «ƙarfen da ba ya tsatsa», muka wuce. Layi na gaba ya zo da «semi-inoxydable». Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: «Mushe, ƙarfe ai ko dai ya yi tsatsa ko bai yi ba. Ina rabi ya fito?» Na ba ta amsa irin ta malamin da aka ritsa, wato na ce za mu koma kai wani lokaci. Amsar gaskiya ta fi ƙarfin ƙamus, domin tana cikin tarihin maƙeran Japon, da na masana'antun Ingila da Amurka, da kuma abin da masu girki suka yarda su sadaukar domin su samu kaifi.

Sai mu fara daga asalin ƙarfen. Japon ƙasa ce mai ƙarancin dutsen tama, amma duwatsu da kogunan yankin Izumo, a jihar Shimane ta yau, suna da baƙin rairayi mai ɗauke da ƙarfe. Shi ake narkawa a cikin murhun yumɓu da suke kira tatara. Aiki ne na kwana uku, dare da rana: a zuba rairayi kusan ton 10, da gawayi kusan ton 12, a ƙarshe a fasa murhun a fito da dunƙule mai nauyin ton biyu da rabi ko kusan haka. Mafi kyawun abin da ke cikin dunƙulen shi ne tamahagane, ƙarfen takubba. Kunnen Bahaushe ba zai rasa jin «tama» a cikin wannan suna ba, musamman wanda ya san maƙeran Adar sun narka tama a murhunsu har cikin ƙarni na 20. Sai dai karo ne kawai na sauti: a harshen Japon tama na nufin dutse mai daraja, hagane kuma ƙarfe mai tauri.

Wuƙar girki ba daga takobi kai tsaye ta fito ba, ko da yake masu talla suna son a ɗauka haka. Birnin Sakai, kusa da Osaka, ya yi suna ne ta hanyar bindiga da taba. Mutanen Fotugal sun sauka tsibirin Tanegashima a shekarar 1543 da bindigogi, maƙeran Sakai suka koyi ƙera su. Da ganyen taba ya shigo ƙasar, su ne suka ƙware a wuƙar yanka shi siriri, har gwamnatin Tokugawa ta ba su hatimi na musamman da ake bugawa a kan hajarsu. Daga nan sana'ar ta rarrabu gida-gida kamar yadda take har yanzu a birnin: maƙeri daban, mai wasawa daban, mai sa ƙota daban. A hannunsu wuƙaƙen gargajiya suka samu kamanninsu: yanagiba, doguwa siririya mai yanka ɗanyen kifi da ja ɗaya, deba mai kauri ta fasa kifi, usuba ta kayan lambu. Dukkansu gefe ɗaya ake wasa su, kuma mafi yawansu ƙarfe biyu ne aka liƙa a wuta: baƙin ƙarfe mai taushi a matsayin jiki, da siririn ƙarfe mai tauri a baki. Mai karatu ya riƙe wannan dabara ta haɗa ƙarfe biyu, za ta sake dawo mana.

Abubuwa biyu suka girgiza sana'ar a zamanin sarki Meiji. A 1872 aka sanar cewa sarki ya ci naman sa, bayan ƙarnuka da cin nama ke da takunkumi tun dokar sarki Tenmu ta shekarar 675. A 1876 kuma aka hana samurai yawo da takobi. Maƙeran takubba na garuruwa irin su Seki suka rasa masu saye, da yawansu suka koma ƙera wuƙa da almakashi da aska. Girkin Turawa ya shigo da tasa wuƙar, wadda aka kwaikwaya aka kira gyuto, wato wuƙar sa. Ƙarfen Turai mai araha shi ma ya shigo, ya kashe kasuwar tatara. Wasu daga cikin masu murhunan suka haɗa jari a 1899 suka kafa masana'anta a garin Yasugi, wadda daga baya ta zama ta Hitachi Metals, kamfanin da ya canza suna zuwa Proterial a 2023. Daga Yasugi ne ƙarafan nan biyu da kowane mai girki a Japon ya sani suka fito: shirogami da aogami, farar takarda da shuɗiyar takarda. Sunan ba launin ƙarfen yake nufi ba, launin takardar da ake liƙa masa ne a masana'anta domin a bambanta shi.

Shirogami kusan ƙarfe ne zalla da karbon, kashi 1 da ɗan ɗoriya cikin 100, an tace shi daga datti. Aogami shi ne dai, amma an ƙara masa ɗan tungistan da ɗan kurom da bai wuce rabin kashi ɗaya ba. Karbon shi ke sa ƙarfe ya yi tauri in an gasa shi ya yi ja aka tsoma a ruwa. Maƙeranmu sun san wannan ba tare da sunan ba, shi ya sa suke neman sifirin tsohuwar mota su yi wa mahauta wuƙa. Waɗannan ƙarafa suna ɗaukar kaifin da ba a misaltawa, kuma suna bin dutsen wasawa cikin sauƙi. Laifinsu ɗaya ne, kuma babba: yanka albasa ko lemun tsami, ka bar wuƙar minti kaɗan ba ka goge ba, sai ta yi dabbare-dabbare, ka bar ta jiƙe ta kwana, da safe ka tarar da jar tsatsa. A ƙasa mai raɓa da ruwan gishiri ta ko'ina, wadda abincinta kifi ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai girkin Japon ya saba da tsumma a gefen katako, yanka biyu goge ɗaya, da dare kuma a wasa, a busar, in za a ajiye a shafa man tsubaki.

Maganin tsatsa daga Turai ya zo, kuma Faransawa suna da hannu a farkon labarin. Louis-Nicolas Vauquelin ne ya gano kurom a 1797. A 1821 Pierre Berthier ya lura cewa ƙarfen da aka gauraya da kurom yana jure wa ruwan asid, har ya ba da shawarar a yi wuƙaƙe da shi. Amma kurom ɗin zamaninsa cike yake da karbon, abin da aka narka sai ya fito da gautsi kamar tangaran. Léon Guillet ya yi nazarin irin waɗannan gauraye a farkon ƙarni na 20 ba tare da ya mai da hankali kan batun tsatsa ba. Wanda sunansa ya zauna shi ne Harry Brearley na birnin Sheffield a Ingila. Yana neman ƙarfen da zai hana cikin bututun bindiga cinyewa ne, sai a watan Agusta na 1913 ya narka wani mai kurom kashi 12,8 da karbon kashi 0,24, ya ga asid ba ya kama shi. Wani maƙerin wuƙaƙe na garin, Ernest Stuart, ya gwada shi da ruwan binegar, ya ga ko tabo babu.

Sirrin kuwa shi ne, in kurom ya kai kusan kashi 10,5 cikin 100 na ƙarfen, yana haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya a saman, wadda ido ba ya gani. Ita ke tare ruwa. In aka karce ta, sai ta sake tofowa da kanta. Sai dai a dubi karbon ɗin Brearley: bai kai rubu'in na shirogami ba. Wuƙaƙen inoks na farko sun yi ƙyalli a kan teburin cin abinci, amma suka yi ƙaurin suna wajen dakushewa, kuma wannan suna ya bi inoks shekaru da dama. Ga mai yanka ɗanyen kifi, wanda ɗanɗanon abincinsa ya dogara da santsin yankan, inoks a lokacin kayan cokali ne.

Ta hanyar cokalin kuwa ya shiga Japon sosai. Garin Tsubame, a jihar Niigata, ya rungumi ƙera cokula irin na Turawa tun lokacin yaƙin duniya na farko, bayan yaƙi na biyu kuma ya cika kasuwar Amurka da kayan inoks. A wannan zamani gidajen Japon suka canza: ƙananan ɗakuna a birane, madafa mai famfo da kwamin wanke-wanke, nama da kifi da ganye a tukunya ɗaya. Uwar gida ba ta da wuƙa uku, ba ta da lokacin dutsen wasawa kowane dare. Aka yi mata santoku, wuƙa ɗaya mai aiki uku, kuma nan da nan ta koma ta inoks. Masana'antu suka shiga tseren ƙara wa inoks karbon ba tare da ya rasa kariyarsa ba. Aichi Steel ya fito da jerin AUS, wanda AUS-8 a cikinsa ke da karbon kusan kashi 0,7. Takefu Special Steel, a jihar Fukui, ya fito da VG10: karbon kusan kashi 1, kurom 15, da molibden da banadiyom da kobalt. Yasugi ya fito da gingami mai lamba 3, takardar azurfa, wanda aka fi sani da ginsan, mai karbon kusan kashi 1 da kurom 13 zuwa 14 da rabi. A 1985 kamfanin Yoshikin na Tsubame ya fitar da wuƙar Global, inoks daga baki har ƙota, wadda ta buɗe wa wuƙar Japon ƙofar gidajen abincin Turai. Wuƙar Jamus ko ta Faransa takan tsaya a 56 zuwa 58 a ma'aunin tauri na Rockwell. VG10 yana kaiwa 60 ko 61.

To ina rabin ya fito? Wannan shi ne wurin da ƙididdigar takarda ke ruɗin mutum. Kurom yana son karbon ƙwarai. In suka haɗu a cikin ƙarfe, sai su dunƙule su zama ƴan ƙwayoyi masu tsananin tauri, kamar tsakuwa a cikin laka, waɗanda masana ke kira karbur. Kurom ɗin da ya shiga tsakuwa ya tashi daga aikin gadi, ba ya cikin masu yin fatar nan da ke hana tsatsa. Saboda haka ba yawan kurom da aka zuba ake dubawa ba, sai wanda ya rage sake bayan karbon ya ci rabonsa. Ɗauki ƙarfen da Japon ke kira SKD11, wanda Yasugi ke sayar da irinsa da sunan SLD, Amurkawa kuma suke ce masa D2. Kurom ɗinsa kusan kashi 12 ne, wato a takarda ya haye iyaka. Amma karbon ɗinsa kashi 1,5 ne, kuma yana cinye kaso mai yawa na kurom ɗin, sai abin da ya rage ya gaza. Ƙarfen zai jure wa ruwa na ɗan lokaci, ya yi tabo a hankali. Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne ZDP-189 na Yasugi: kurom kashi 20, fiye da na cokalin da ke gidanka, amma da karbon kashi 3, masu amfani da shi sun san yana tabo. A ɗaya gefen, AEB-L na ƙasar Suwidin, wanda aka yi domin reza, kurom 13 kawai gare shi da karbon ƙasa da 0,7, kuma cikakken inoks ne.

Akwai kuma waɗanda tun farko kurom ɗinsu bai kusanci iyakar ba, irin SKD12, ɗan'uwan A2 na Amurka, mai karbon kusan kashi 1 da kurom kusan 5, ko HAP40 mai kurom kusan 4. Duka ana jefa su cikin kwando ɗaya a ce «rabin inoks». Ya kamata malami ya gaya wa ɗalibansa cewa wannan suna na kasuwa ne da na masu girki. Babu wata iyaka da aka shata masa kamar yadda aka shata wa inoks. Ma'anarsa a aikace: ƙarfen da ke yi maka haƙuri in ka manta, amma haƙurinsa yana ƙarewa.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin waɗannan ƙarafa shi ne, babu ɗaya daga cikinsu da aka yi domin madafa. Haruffan SKD alama ce, a tsarin ma'aunin masana'antun Japon, ta ƙarfen da ake yin mazubi da shi, wato abin da ke hudawa da yanke faranti na ƙarfe sau dubbai a masana'antar mota. Dangin D2 sun taso ne tsakanin Ingila da Amurka daga lokacin yaƙin duniya na farko zuwa shekarun 1920. HAP40 kuwa na bakin injin da ke sassaƙa ƙarfe ne. Kurom ɗin da ke cikinsu ba domin tsatsa aka sa shi ba. An sa shi domin ƙarfen ya daɗe bai cinye ba, ya kuma yi tauri ba tare da ya murɗe ba. Jure wa tabo gyara ce da ta biyo ciniki. Maƙera ne, irin gidan Yoshikane na garin Sanjo, suka ɗauko su daga duniyar injuna suka kai su katakon yanka, domin sun ga masu girki da yawa suna neman abu tsakanin biyu: bakin da ke cizo kamar na karbon, ba tare da zaman gadi da tsumma ba.

In aka ɗora su a kan dutse, bambancin yana fitowa. Tsakuwoyin SKD11 manya ne. Suna sa baki ya daɗe yana yanka, yana kama fatar tumatir kamar mai ƙananan haƙora, amma suna wahalar da mai wasawa, kuma in an yi bakin siriri ƙwarai yana iya ɓantarewa. Na SKD12 ƙanana ne kuma ba su da yawa, shi ya sa yake bin dutse kusan kamar aogami, yake kuma jure wa karo. A ɓangaren inoks ma haka rabon yake: VG10 yana riƙe kaifi, sai dai masu wasawa suna kukan wani ɗan zare da ke maƙalewa a bakinsa ya ƙi fita, ginsan da AEB-L sun fi ladabi. Tun wajen 1970 aka samu wata dabara a Amurka da Suwidin, ta mai da narkakken ƙarfe gari sannan a matse shi da zafi, abin da ke hana tsakuwoyin girma. Da ita ake yin SG2, wanda ake kuma kira R2, inoks mai karbon da ya haura 1,2, mai taurin 62 zuwa 64. A ganina wannan ya rage wa rabin inoks hujjarsa ta farko. In inoks na gaske ya kai wannan tauri, me ya rage? Abin da ya rage shi ne jin hannu a kan dutse, da kuɗi, da kuma sha'awar wasu ga ƙarfen da ke canza launi da shekaru, yana yin toka-toka mai shuɗi wanda shi kansa yake ɗan kare shi daga jar tsatsa. Wanda ba ya wasa wuƙarsa da hannunsa, kuma yara ne ke yi masa wanke-wanke, bai da abin da zai ƙaru da shi a SKD12. Ginsan ko VG10 sun fi masa. Kada kuma a ɗauka inoks ba ya ciwo: gishiri da ruwan jabel suna huda fatar kurom su bar ƙananan ramuka.

Akwai wani farashi da ba a rubutawa a takardar talla, kuma maƙeri ne ya biya shi. Ana tsoma shirogami a ruwa daga zafin da ke kusa da digiri 800, kuma tsohon maƙeri da ido yake gane lokacin, a cikin duhun maƙera, daga launin jan ƙarfen. Ilimi ne da ake gada a shekaru goma na tsayuwa bayan maigida. Inoks da SKD11 suna bukatar zafi sama da digiri 1000, a riƙe shi daidai na ƙayyadadden lokaci. Nan ido ba ya wadatarwa, sai murhu mai ma'auni. Bugu da ƙari, fatar nan ta kurom da ke hana tsatsa ita ce ke hana ƙarfe biyu liƙewa a wuta irin ta da. Saboda haka masana'antu irin su Takefu suka shiga sayar da faranti da aka riga aka liƙa, maƙeri ya saya ya buga ya fitar da siffa. Matakin da ya fi kowane nuna gwaninta, na haɗa taushi da tauri da masaba, ya bar maƙera da yawa ya koma masana'anta. Maƙeran Sakai ƙalilan da suka iya liƙa ginsan da hannu suna da daraja ta musamman saboda wannan.

Duk da haka, sana'ar ba ta mutu ba. An sake hura tatara a Shimane a 1977 domin masu ƙera takubba, hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiya na Japon cikin jerin al'adun duniya a 2013, kuma baƙi daga ko'ina suna cika kantunan wuƙa na titin Kappabashi a Tokyo. Abin da da yawansu ke saye shi ne tsohuwar dabarar haɗa ƙarfe biyu, an juya ta: a sa shirogami ko aogami ko SKD12 a tsakiya, a rufe shi da inoks mai taushi dama da hagu. Jikin wuƙar ba ya tsatsa. Abin da ke waje kawai shi ne ɗan siririn layi a baki, wanda faɗinsa bai wuce na ƙwayar shinkafa ba, kuma shi kaɗai ke yin baƙi bayan an yanka albasa.

Da muka koma kan takardar a mako na gaba, na zana wa ɗaliban wannan layi a allo, na rubuta musu lambobin SKD11 da na AEB-L gefe da gefe. Muka yi gardama tsakanin «rabin inoks» da «ƙarfe mai jinkirin tsatsa». Ɗalibar da ta yi tambayar ta zaɓi na biyu, ta ce shi ne bai yi wa mai saye alkawarin da ƙarfen ba zai cika ba, kuma shi muka rubuta a cikin littafi.